Yadda Na Bi Sawun Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Unguwarmu a Tawa

Aikin ya faɗo kaina ne a wani zaman kwamiti da muka yi bayan sallar isha'i, a ƙofar shagon telan da ya daɗe yana ɗinka wa ƙungiyarmu lambobin riguna. Matasan da ke riƙe da ƙungiyar a yanzu sun gaji da tsayawa a gasar babban hutu, wadda kowa a Nijar ya sani da sunan TGV, suna so su shiga gasar jiha da ke ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, kuma hakan ba ya yiwuwa sai ƙungiya ta mallaki takardun amincewar hukuma. Dokar ƙungiyoyi ta ranar 1 ga Maris 1984 muka bi, muka shiga haɗa kundin tsarin ƙungiya da dokokin cikin gida da rahoton taron kafawa da sunayen ƴan biro, wato shugabannin ƙungiya. Da magatakarda ya iso layin da za a rubuta lokacin da ƙungiyar ta samo asali, sai ya ɗaga kai ya tambaya, mutum uku suka amsa masa, kowa da shekararsa, kuma tsakanin amsar farko da ta ƙarshe akwai kusan shekara ashirin. Da yake ni malamin makaranta ne, kuma mutane sun ɗauka mai riƙon alli ba shi da abin yi a watannin hutu, sai aka ce a bar wa Mushe ya bincika. Na karɓa ina ganin aikin mako biyu ne. Damina ta sauka, gero ya yi kai, aka yanke aka ɗaure dammuna, ban gama ba.

Kuskurena na farko shi ne neman takarda. Na yi zirga-zirga zuwa wani ofishi da aka ce nan ake ajiye tsofaffin takardun wasanni, aka yi ta ce mini in dawo gobe, har ranar da wani ma'aikaci ya ji tausayina ya buɗe mini ɗakin ajiyar, na tarar da kwalaye da ruwan rufi ya jiƙa shekara da shekaru, takardun sun manne da juna kamar waina. Daga nan na nufi gidan tsohon magatakardan ƙungiya, wanda ya rantse cewa littafinsa na nan cikin akwatin ƙarfe. Littafin na nan kuwa, sai dai gara ta riga ni. Abin da ya tsira rabin shafuka ne, ɗauke da sunayen mutane da abin da kowa ya zuba a asusu, wannan dala biyar, wancan dala goma, wani kuma an rubuta a gaban sunansa cewa ya tafi. Babu shekara ko ɗaya a saman shafi. A ranar ban ga amfanin wannan kalma ta "ya tafi" ba, sai daga baya na gane ita ce rabin tarihin.

Kuskure na biyu tsohon kapitan ɗin ƙungiya ne ya gyara mini shi. Dattijo ne da ke sayar da kayan gini a kasuwa, sa'an mahaifina, don haka Baba nake ce masa. Na zauna a gefen tabarmarsa da littafi da biro, na tambaye shi shekarar da suka fara. Ya yi dariya, ya zaro katinsa na ɗan ƙasa ya miƙo mini, na ga ko ranar haihuwarsa babu, shekara ce kawai da aka kintata masa a gaban alƙali.

"Mushe, ni da ban san shekarar da anka haihe ni ba, ita ta balo za ni riƙe maka? Tambaye ni mi ya faru cikin gari sa'ad da munka fara, in gaya maka."

Tun daga ranar na daina tambayar shekara. Na koma ina tambayar wane ne perfe, wato mai riƙe da jiha, a lokacin, an yi ruwa ko an yi fari, wa ke mulki a Yamai, a wace rediyo aka ji labarin. Amsa ta farko da aka ba magatakarda ta zamanin su Baba ce. Shi ya ce sun share filinsu na farko ne a ranin da aka yi babbar kokowa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kuma wannan ba ta da wuyar ganewa, domin gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na farko a Tawa aka yi ta a 1975, shekara guda bayan sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché sun karɓi mulki a watan Afrilun 1974. Maganar ta hau daidai da abin da aka sani na wancan zamani, lokacin da gwamnati ta farfaɗo da samariya, kowace unguwa ta samu sarkin samari da dandali, aka riƙa tara matasa don aikin gayya da wasan kwaikwayo da raye-raye. Ƙwallo a cikin wannan tsari ƙaramar ƙanwa ce. Kokowa ce ke da makaɗa da kirari da mutunci, ita kuwa balo dattawa na kallonta a matsayin wasan ƴan lakwal marasa aikin yi, har akwai wanda ya gaya mini cewa mahaifinsa ya taɓa biyo shi fili da tsumagiya saboda ya bar jaki ba ruwa.

Na daɗe a kan wannan zamani na farko, domin a nan ne bakin mutane ya fi haɗuwa, kuma a nan ne na fi jin daɗin sauraro. Filin gona ce da mai ita ya bari ta huta, cike da ƙarangiya, sai da suka kwashe kwanaki suna jan buhunan algarara a ƙasa don ƙayar ta maƙale a jiki kafin a iya taka wurin ba takalmi. Ragar gola ba raga ba ce, itatuwan dogon yaro ne guda biyu da igiya a sama, kuma rigimar ko ƙwallo ta bi saman igiya ko ƙasanta ta raba abokai fiye da yadda neman aure ya raba. Da toka ake ja layi, yara su bi gida gida suna roƙon ta murhu tun da safe. Ƙwallon kanta guda ɗaya ce, ta fata, mai robar iska a ciki, kuma duk sanda ta yage wani baduku ne ke ɗinke ta, har ta kai faci ya fi asalin fatar yawa, ta yi nauyin da in aka sa mata kai sai an ga taurari. Badukun nan bai taɓa buga ƙwallo ba, bai kuma taɓa karɓar ko dala ba, amma mutum huɗu daban-daban suka ambace shi ba tare da na tambaya ba, don haka na ba shi shafi guda cur a cikin abin da na rubuta, abin da ban yi wa ko ɗaya daga cikin masu cin ƙwallo ba.

A nan ya kamata in faɗi wata ƙa'ida da dole ta sa na kafa wa kaina. Tsofaffin ƴan wasa ba sa faɗuwa a bakinsu. In ka tara labaran da suka ba ni, ƙungiyarmu ba a taɓa cin ta ba sai da zaluncin arbit, wato alƙalin wasa, ko iska, ko asirin da aka binne a bakin gola. Saboda haka duk labarin da zan rubuta sai na ji shi daga bakin mutum biyu da ba a zaune suke tare ba, kuma in maganar sakamakon wasa ce, ɗaya daga cikinsu sai ya kasance ɗan wata unguwa. Mafi amfanin shaidata ya zama tsohon mai tsaron gidan unguwar da muka fi gaba da ita, wanda ya riƙe kowace ƙwallo da ya kaɗe mana kamar jiya aka yi, ya kuma yarda da guda biyu da muka zura masa, yana mai cewa ta ukun da muke taƙama da ita da hannu aka sa ta. Na rubuta yadda ya faɗa, na rubuta yadda namu suka faɗa, na bar su gefe da gefe.

Amsa ta biyu da aka ba magatakarda ta masu cewa ƙungiya ba ta zama ƙungiya ba sai ranar da ta sa riga iri ɗaya ce. Su sun ce zamanin da Tandja Mamadou ke perfen Tawa ne, kafin yunwa. Tandja ya riƙe Tawa daga 1981 zuwa 1988, yunwar kuwa ita ce ta 1984 da ake kira El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Janar Buhari ta yi a Najeriya, don haka rigunan sun iso ne tsakanin 1981 da 1983. Daga Abijan suka zo, kuma duk wanda ya san Adar ba zai yi mamaki ba. Ƙasarmu ƙasar cirani ce: da an gama girbi samari su kama hanya, wasu Najeriya, wasu Kamaru, wasu Libiya, amma mafi yawan ƴan unguwarmu Kodebuwa suka sani. Wannan ne ma'anar "ya tafi" a littafin da gara ta ci. Ƙungiyar tana cika da damina, lokacin da masu cirani suka dawo noma kuma ƴan makaranta ke hutu, ta rame da rani har wani lokaci a rasa mutum goma sha ɗaya. Ban ga wata shekara da ta mutu don rashin son ƙwallo ba. Duk sanda ta kwanta, in ka duba, mutanenta ne ba sa gari.

Rigunan nan rawaya da baƙi ne, launin ASEC ta Abijan, domin waɗanda suka haɗa kuɗin sayensu magoya bayanta ne. Tare da su aka aiko da takalman roba da ƴan Abijan ke kira leke, waɗanda su ne takalman ƙwallon farko da yawancin ƴan wasanmu suka taɓa sawa. Sai dai Abijan ɗin ba baki ɗaya take ba, akwai ƴan unguwarmu da ke bayan Africa Sports mai kore da ja, kuma da suka dawo suka tarar da ƙannensu sanye da launin abokan hamayya, sai aka kwaso rigimar wani birni mai nisan dubban kilomita aka sauke ta a kan filin ƙarangiya. Ƙungiya ta rabe biyu har tsawon damina biyu. Na tambayi dattawan ɓangarorin yadda aka shirya, kowa ya ce ɗayan ne ya zo ban haƙuri. Abin da na gano da na jera labaran shi ne babu wanda ya ba wani haƙuri. El Buhari ce ta zo, gari ya watse, aka daina zancen launi, kuma da aka farfaɗo waɗanda suka rage daga ɓangarorin biyu ba su kai yawan da za su yi ƙungiya biyu ba. Telan da muke zama a ƙofar shagonsa, wanda a lokacin yaron shago ne, ya ce shi ya zauna ya farke rigunan da suka tsufa ya haɗa masu kyau, har aka yi wata shekara ana wasa da riga rawaya da wando kore.

Hoto ɗaya tak na samu na wancan ƙarni. Baƙi da fari ne, gefensa ya cinye, mutum goma sha huɗu a ciki, na gaba a tsugune na baya a tsaye, da kofi a tsakiya bisa ƙasa. Na ɗauki hotonsa da salula na tura a zauren WhatsApp na ƴan unguwa, wanda rabin mutanensa ke Abijan da sauran garuruwan cirani, na roƙi a taimaka da sunaye. Kwana uku wayata ba ta huta ba. Saƙonnin murya ne ke shigowa, na mintoci biyar da bakwai, wasu suna farawa da sunan mutum su ƙare da kuka, domin biyar daga cikin sha huɗun sun riga mu gidan gaskiya. Shekarar hoton kuwa daga wata dariya ta fito: wani ya tuna cewa wanda ya ci ƙwallon ƙarshe a ranar ya ruga kusurwar fili yana rawar Roger Milla, har sarkin samari ya tsawata masa. A 1990 ne Kamaru ta doke Ajantina da ci ɗaya a wasan buɗe gasar cin kofin duniya a Italiya, Milla ya yi rawarsa a wasannin da suka biyo baya, don haka hoton bai girmi daminar 1990 ba. Bai kuma wuce 1991 ba, domin gasar ta samariya ce, kuma bayan babban taron ƙasa da aka buɗe a Yamai ranar 29 ga Yulin 1991 tsarin samariya ya shiga rushewa. Wannan ne ma ya bayyana mini abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, wato dalilin da ya sa kofin da ya kamata ya riƙa zagaya unguwanni ya tsaya a wurinmu. Ba don mun fi kowa ba ne. Mu ne na ƙarshe da muka ɗauka, ba a sake shirya gasar ba, babu kuma wanda ya zo karɓa.

Neman kofin ya kai ni gidan marigayi sarkin samari. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta sa aka shigar da ni har ɗaka bayan doguwar gaisuwa. Kofin na can saman jerenta, tsakanin kwanonin sha da tasoshin tangaran, an goge shi da toka da lemun tsami har yana ɗaukar ido, hannunsa ɗaya a ɗaure da waya. Da ta sauko da shi na ji wani abu na ƙara a ciki, ashe allurai da maɓallai take ajiyewa. Daga bakinta na ji abin da babu namiji ɗaya da ya gaya mini: ita da kishiyarta ne ke wanke rigunan nan bayan kowane wasa, da ruwan da suke ɗebowa da kansu, su ne kuma ke dama furar da ake kai wa fili in an yi baƙi daga wani gari.

"Ɗana, su sunka yi gudu, mu munka yi wanki. In za ka rubuta, ka rubuta da sabulu."

Na ce mata, "Inna, in sha Allahu da sabulun zan fara."

Amsa ta uku ta ƴan fada ce, kuma ita ce mafi sauƙin tabbatarwa, domin masu ita na nan da ƙarfinsu. Bayan rushewar samariya ƙungiyar ta yi shiru, sannan karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta sa ƙwallon kanti ta gagari aljihun yara. Samarin da ke zaman shayi a bakin titi, a shekarun da fadodi suka bazu a biranen Nijar, su ne suka sa asusun mako-mako suka sayi ƙwallo, suka raɗa wa ƙungiya sunan fadarsu, suka shigar da ita TGV. Sunan da muke amsawa yau nasu ne. Ƙarfinta ya ƙaru bayan rikicin da ya ɓarke a Kodebuwa a watan Satumban 2002, lokacin da wasu ƴan unguwa suka dawo gida da ƴaƴansu haifaffun can, yaran da suka tashi suna buga ƙwallo a lungunan Abijan kuma suka zo da wata irin ƙafa da ba a saba gani ba a nan. Zuwa lokacin da Mena, ƙungiyar ƙasa ta Nijar, ta doke Masar da ƙwallon Moussa Maazou a Yamai, a watan Oktoban 2010, ta kuma samu zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012 karo na farko, babu uban da ke bin ɗansa fili da tsumagiya. Tsohon filin kuwa tuni rabon filaye ya cinye shi. Na je da Baba ya nuna mini inda golar gabas take, yanzu bangon wani gida ne mai ƙofar ƙarfe shuɗiya, ya tsaya yana auna taku daga nan zuwa inda yake cewa tsakiyar fili ce, masu kabu-kabu na kauce masa.

Da na koma wa kwamiti, abin da na kai musu bai yi wa kowa daɗi ba ɗari bisa ɗari. A takardar hukuma ranar taron kafawa ake rubutawa, wato taron da muka yi a wannan karon muka zaɓi biro muka sa hannu, saboda haka a idon doka ƙungiyar jaririya ce, kuma babu abin da bincikena zai canza a nan. A gabatarwar kundin da kuma ɗan littafin da na rubuta ne na sa 1975, kuma na kare zaɓin da hujja ɗaya: suna ya canza sau uku, launi ya canza, fili ya tafi, amma a kowane zamani na samu aƙalla mutum biyu da suka yi wasa a zamanin da ya gabace shi, tun daga masu jan buhu a kan ƙarangiya har zuwa yaran da ke atisaye yau. Ƴan fada sun yi gunaguni cewa an ba wasu gonar da su suka nome, sai da na nuna musu cewa wanda ya fara horar da su shi ne na uku daga hagu a layin tsugune na hoton.

Ranar da aka karanta littafin a bainar jama'a, a harabar makarantarmu bayan la'asar, mun shimfiɗa tabarmi, aka jingina wata salula a jikin butar shayi don ƴan Abijan su ji kai tsaye. An katse ni sau da yawa. Tsohon mai tsaron gidan abokan gabarmu ya zo da kansa, ya zauna a gaba, da na iso kan ƙwallo ta uku ya ɗaga hannunsa sama ya buga shi da ɗayan, wurin ya kaure da ihu. Kofin na bisa tebur a gabana, Inna ta ba da aronsa da sharaɗin ya kwana a ɗakinta. Ana kiran magariba jikarta ta iso da ɗankwali a hannu, ta naɗe shi a ciki, na raka ta har ƙofar gida, na tsaya a zaure ina jin Inna tana mayar da alluranta da maɓallanta ciki.